Kaya Sun Yi Mana Yawa a Damina, Sun Ƙare Kafin Bazara: Yaya Za Mu Adana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu mata ne 'yan ƙungiya a wani ƙauye na ƙasar Kano. An ba mu aron wata 'yar gona a bayan gari, muna noma ta tare: kuɓewa, yakuwa, rama, alayyahu, kabewa, wake, gyaɗa da 'yar masara, ga zogale da muka kewaye gonar da shi. A watan Agusta kaya sukan yi mana yawa har mu rasa yadda za mu yi da su. Bara mun yanka kuɓewa mun shanya, ta yi baƙi ta yi funfuna. Waken da muka ajiye kuma ƙwari suka mayar da shi gari. Kafin bazara ta yi nisa mun koma sayen komai a kasuwa. Ba mu da wutar lantarki, balle firji. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara haɗa kanku, ya sa wa gonar albarka.

Lokaci ne ya kashe kuɓewarku ta bara. Agusta tsakiyar marka ce, watan da ya fi kowane wata ruwa a ƙasar Kano, kuma danshin da ke cikin iska a kwanakin yakan kai kashi 80 cikin ɗari, wani lokaci ya wuce. Rana tana fitar da ruwa daga jikin abin da aka shanya, amma iska ce ke kwashe shi ta tafi da shi. Idan ita kanta iskar ta ƙoshi da ruwa, ko an yi rana da hantsi, yankakkiyar kuɓewa laushi kawai za ta yi ta kwanta, da dare kuma ta sake shan raɓa. Kuɓewa kusan kashi 90 cikin ɗari nata ruwa ne, kilo goma na ɗanya da ƙyar ya ba ku kilo ɗaya na busasshiya. Duk abin da aka yanka bai bushe cikin kwana biyu zuwa uku ba, funfuna ta riga ku. Wannan kuɓewar da a hunturu kuka yanka ta, lokacin da danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, ko a inuwa kuka baza ta za ta bushe ƙamas.

Don haka tun ranar shuka ake yanke abin da za a adana. Kuɓewa takan fara haihuwa kwana 50 zuwa 60 bayan shuka. In kun shuka ta duka da ruwan farko a Yuni, dole ta zubo muku a tsakiyar marka. Ku raba ta biyu. Kaso na farko, ƙarami, a shuka shi da saukar damina, wannan na ci ne da na kyauta da na kasuwa. Kaso na biyu, wanda ya fi yawa, a shuka shi daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, domin ya kama haihuwa a ƙarshen Satumba, lokacin da ruwa ke janyewa, iska ke fara bushewa. Wannan ita ce kuɓewar ajiya. Haka wake. Irin nan mai saurin nuna, na kwana 60 zuwa 70, in an shuka shi da wuri cikin ruwa yake nuna. Amfaninsa babba ne, don yana isowa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, amma na tukunya ne. Na buhu shi ne wanda za a rora a Oktoba da Nuwamba.

Sai kuma ku tambayi kanku, wane wata kuke yi wa ajiyar? Mutane da yawa da zarar sun busar da kaya a kaka sai su hau ci nan take, alhali daga Disamba zuwa Maris lambu yana kan ganiyarsa. Tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, kabeji da karas suna fitowa daga Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, ana ba da su da araha. Lokacin da talaka ke jin jiki shi ne daga Afrilu zuwa Yuli: zafin bazara ya ƙone lambu, kayan miya sun yi tsada, ganyen damina bai kankama ba, ɗan kuɗin hannu kuma ya tafi wajen taki da iri. Waɗannan watanni huɗu su kuke yi wa tanadi. Duk mudun busasshiyar kuɓewa da aka cinye a Janairu, za a sake sayen irinsa da tsada a Mayu.

Cin abu a lokacinsa yana rage muku rabin aikin, kuma a kansa iyayenmu suka rayu. Damina lokacin ganye ce. Tun daga tafasar da ke fitowa da kanta a bakin hanya, zuwa rama, yakuwa, alayyahu, lalo, karkashi da zogale, a ci su suna sabbi: kwaɗo da ƙuli-ƙuli, dambu, fate, miyar ganye. Ga ɗanyar masara ta gashi, ga dafaffiyar gyaɗa. Ni dai ina mamakin gidan da yakuwa ta cika bayan ɗaki, amma uwargida tana aiken yaro ya sayo tumatir ƙwaya uku da tsadar tsiya a watan Yuli, don kawai a ce an yi jar miya. Tumatir ba ɗan damina ba ne a ƙasarmu, zafi da ruwa da cututtuka ba sa barinsa ya sake.

To, in duk da wannan tsari kuɓewa ta yi yawa a marka fa? Ku riƙa cire ta duk bayan kwana biyu tun tana ƙarama, kafin ta riƙa. Cirewar ma tana ƙara mata haihuwa. Ku sayar da abin da ya sayu, ku rubuta kuɗin a littafin ƙungiya, zan zo kan abin da za ku yi da shi. Ragowar kaɗan za ku iya busarwa, amma sai da shimfiɗa ta musamman. A kafa itatuwa huɗu a yi gado mai tsayin ƙugu, a shimfiɗa asabari ko ragar taga ta roba, yadda iska za ta shiga ta sama da ta ƙasa. A yi masa rufi da farar leda mai kauri, a karkace shi don ruwa ya gangare, a bar gefe a buɗe, in da hali a kewaye da raga saboda ƙuda. Ledar tana tare ruwan sama, tana kuma tara zafi. Kada ku ɗauko gidan sauron da ake rabawa a asibiti ku shanya abinci a kai, a jiƙe yake da maganin kashe sauro. A baza kaya falle ɗaya ba tare da wani ya hau wani ba, a juya da rana, a kwashe zuwa ɗaki kafin magariba, a sake fitarwa da hantsi bayan raɓa ta ɗauke. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, wadda hedkwatarta ke Ilorin, tana da ofishi a Kano, kuma tana da na'urorin busarwa masu aiki da hasken rana. Ƙungiya irin taku za ta iya tura wakilai su je su gani, ko ku nemi malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, da ke yankinku ya haɗa ku da su.

Shanya a ƙasa ko a gefen kwalta, wadda muka saba gani, ku bar ta gaba ɗaya. Ban da tsakuwa da hayaƙin mota da bakin akuya, akwai ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi yaɗuwa a rani, daidai lokacin da shanya ta cika ko'ina.

Ita kuɓewa, a wanke ta tun tana guda, a bari ruwan ya tsane sarai, sannan a yanka siri-siri. In aka wanke bayan an yanka, yauƙi zai fito ta manne da juna. Ta bushe idan kin lanƙwasa ta karye ɓaras. In ta lanƙwasu ba ta karye ba, da saura. Akwai wani ƙaramin gwaji da nake so ku riƙe don duk wani abin da kuka busar: ku zuba kaɗan a busasshiyar kwalba ku rufe, ku ajiye kwana uku ko huɗu. In kun ga gumi a jikin kwalbar, a mayar da kayan shanya. Kuma kada ku daka kuɓewar ajiya duka ta zama gari. Gari ya fi saurin jan danshi, yauƙinsa kuma yana mutuwa da wuri. A ajiye ta a yankakkiyarta, a riƙa daka na mako ɗaya ko biyu.

Ganye shi ne inda aka fi yin asarar da ba a gani. Ganyen da aka shanya a tsakiyar rana har ya koma launin ƙasa, miya za ta yi kauri da shi, amma yawancin sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A ya tafi, kuma shi ne yara da masu ciki da masu shayarwa suka fi buƙata. Ganye a inuwa ake busar da shi, inuwar da iska ke ratsawa, kamar rumfa ko zaure mai ƙofa biyu. Alamar an yi daidai ita ce ya bushe ƙayau yana nan kore. Alayyahu da rama da yakuwa suna son a tsoma su a tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri kamar minti biyu, a tsame, a tsane, sannan a baza. Wannan tsomawar tana kashe abin da ke ci gaba da canza launi da ɗanɗanon ganye bayan an tsinke shi, tana kuma sa ya yi saurin bushewa. Amma masu yauƙi, wato kuka da karkashi da lalo, ba a tsoma su, za su dame. Zogale ma wankewa kawai ake yi, a zage shi daga jijiyoyinsa, a baza. Shi zogale kuna da sauƙi a kansa: bishiya ce, ba ta gudu. Ku ci sabo duk tsawon damina, ku bari sai Oktoba ku yi babban yanka na ajiya. Yakuwar da za ku bari ta yi girma kuma riba uku gare ta, ganye a damina, zoɓo a ƙarshen kaka, ga gurguzun da ake daddawar batso da shi.

Busarwa tana cinye mafi yawan bitamin C, ko an yi ta a inuwa. A watannin da kuke cin busasshen ganye ku riƙa haɗawa da lemon tsami, mangwaro in ya shigo a bazara, da garin 'ya'yan kuka, wanda yake da wannan bitamin sosai. Miyar busasshen ganye kuma tana son ɗan mai, na gyaɗa ko manja, don sai da mai jiki ke iya ɗaukar bitamin A. A rage kanwa, a rage doguwar tafasa.

Kabewa ba ta da wahala. A bar ta ta ƙosa har farce ya kasa huda ɓawonta, a yanke ta da ɗan guntun karanta a jiki, a bar ta ta sha iska kamar kwana goma, a jera a kan katako a ɗaki mai sanyi ba tare da sun taɓa juna ba. Za ta yi watanni. Wadda ta ƙuje ko karanta ya fita, ita za a fara ci.

Yanzu wake. Ƙwarin da suka cinye muku shi tare kuka shigo da su daga gona. Macen ƙwaron tana yin ƙwai a jikin kwanso tun wake na tsaye, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar, ta ci ta girma a ciki, cikin kamar wata ɗaya ta fito da fiffike ta sake zuba ƙwai a kan sauran. Shi ya sa buhun da ya yi kyau a ido a Nuwamba yake zama gari a Maris. Wanke ɗaki da sabon buhu ba sa hana wannan. Abin da ke hana shi, a toshe musu iska.

Buhun PICS don wannan aka yi shi. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da dabarar tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma a nan Kano ma ana yin sa. Falle uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, akwai mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100. Idan an ɗaure shi, ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shaƙe 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Ba a sa masa magani ko kaɗan. Amma yana da sharuɗɗa, kuma yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba ɗaya daga ciki suka karya. Kafin a zuba, a hura kowace leda a matse a ga ko tana da huji. A tsince kwanso da tsinke da tsakuwa daga waken don kada su huda ta. A matse iska, a murɗe bakin leda ta farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. A ɗora a kan katako, nesa da bango, a kiyaye ɓera, don huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Kuma ba a buɗe shi kullum a ɗebi na ɗanwake. In an kula da shi, buhu ɗaya yana yin kaka fiye da ɗaya.

Na ci yau da kullum, jarka ta fi. A samu ta man girki, a wanke ta bushe sarai, a cika ta da wake har wuya ana girgizawa don ya zauna, a sa 'yar leda a baki a ɗaure murfin tam. Dabarar ɗaya ce da ta buhun. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta shiga wannan aiki, ko an wanke ta da me. Kafin a zuba, za ku iya gasa waken da rana: a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda, a baza wake siriri, a rufe da farar leda a naɗe gefunan, a bar shi awa biyu a tsakiyar rana. Zafin da ke taruwa a ciki yana kashe ƙwai da tsutsa. Dabarar kakanninmu ta cakuɗa wake da tankaɗaɗɗiyar toka ita ma tana aiki, in tokar ta kai yawan waken, sai dai ta fi dacewa da ɗan kaɗan, kamar na iri.

Abin da nake roƙonku da shi, kada wani ya ba ku shawarar yayyafa fiya-fiya a wake ku karɓa. Guba ce, ba a yi ta don abinci ba, kuma wanki ba ya fitar da ita duka. Saboda yawan wannan sinadari a waken Nijeriya Tarayyar Turai ta hana shigar da shi ƙasashenta a 2015, mu kuwa a gida muka ci gaba da ci. Ita ma ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu, iskar guba take fitarwa, aikin ƙwararru ce a rufaffen sito. A ɗakin da mutane ke kwana tana kisa.

Duk abin da za a toshe wa iska sai ya bushe sosai, in ba haka ba zai yi tsami ya ruɓe a ciki. Wake da masara ana so danshinsu ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa. Ba ku da na'urar awo, amma kuna da gishiri. A soya gishiri sama-sama ya bushe, ya huce, a zuba cokali biyu ko uku a busasshiyar kwalba, a ƙara hatsin zuwa kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, a rufe a girgiza, a bari ya ɗan zauna, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba.

Gyaɗa da masara ba ki yi ƙorafi a kansu ba, amma su suka fi ba ni tsoro. Akwai wata funfuna mai launin kore da rawaya da ke kama su, tana fitar da guba mai suna afalatoksin. Ba ta da wari, ba kullum ake ganin alamarta ba, kuma dafuwa da suya ba sa kashe ta. In ta yi yawa tana kisa nan take: a gabashin Kenya a 2004 mutum 317 suka kwanta bayan cin gurɓatacciyar masara, 125 suka rasu. In kaɗan-kaɗan ake ci shekara da shekaru, hanta take ci, tana jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B, wadda ba ta yi mana ƙaranci ba, kuma an danganta ta da tsumburewar yara. Gyaɗa ta fi kamuwa idan fari ya same ta a ƙarshen damina, ko an bar ta a ƙasa bayan ta nuna, ko fartanya ta fasa kwansonta, ko an tara ta tuli ɗaya tana jiƙe.

Saboda haka a cire gyaɗa da zarar ta nuna, a kife ta 'ya'yan suna kallon sama, a tsinke, a ci gaba da shanya a kan tamfol har in an girgiza kwanso a ji ƙwayar tana kaɗawa a ciki. A ajiye ta da ɓawonta, ya fi kare ta. Al'adar nan ta yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa, ku daina, gayyatar funfuna ce. Bayan an ɓare a zauna a tsince: duk ƙwayar da ta motse, ko ta canza launi, ko ta fashe, a fitar. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne. Sai a sayar da mai kyau, a ce wannan tsintacciyar a yi ƙuli-ƙulin gida da ita, ko a ba kaji da saniya. Gubar a cikinta ta taru, kuma tana bi ta nonon saniya ta dawo wa yara. A binne ta ko a ƙone. Masarar ajiya kuma a bar ta ta bushe a karanta, a ɓare, a ware duk wadda ƙwari ko ruwa suka taɓa kafin a haɗa da sauran. Don baɗi, ku tambayi malamin gona game da Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar don yaƙi da wannan guba. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya makonni biyu zuwa uku kafin amfanin ya yi fure, yana rage gubar tun daga gona.

Kuɗin kuɓewar marka da na ce ku rubuta, ga aikinsa. Ku riƙe shi har Fabrairu, lokacin da kwandon tumatir ke faɗuwa warwas, ku saya ku yi kauɗa. Ku zaɓi mai tauri mai ƙarancin ruwa, irin wanda ake kira UTC, nunanne amma bai fashe ba. A wanke, a yanka, a barbaɗa ɗan gishiri, a jera a kan gadon nan naku, bakin yankan yana kallon sama, a rufe da raga saboda ƙurar hunturu. Cikin 'yan kwanaki ya bushe, kuma jan da zai yi ba za ku haɗa shi da kauɗar bakin titi ba. Tattasai da attaruhu ma haka. A ɗaure a leda biyu ko a zuba a bokiti mai murfi, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi, don zafi ne ke sa kauɗa yin baƙi. Ganyen albasa ma kada ya tafi a banza, a daka a dunƙula a busar a yi gabu.

Na san za a ce a yi markaɗe a zuba a kwalba, don ana yawan koyar da shi yanzu. Ana yi, amma da iyaka. Akwai ƙwayar cuta da ke rayuwa inda babu iska kuma babu tsami, tana fitar da gubar da ke shanye jiki har numfashi ya tsaya, kuma tafasar tukunya ba ta kashe irinta. Tsami ne kaɗai ke hana ta tashi. Don haka kuɓewa, wake, masara, kabewa da ganye ba a adana su a kwalba ta wannan hanya. Tumatir shi kaɗai za a yi, ba a haɗa shi da tattasai da albasa, don suna rage masa tsami. A markaɗa, a tafasa ya ɗan yi kauri amma yana zubuwa, a sa babban cokali biyu na ruwan lemon tsami a kowace lita, a zuba da zafinsa a wankakkun kwalabe masu murfin ƙarfe mai lafiya, a bar sarari kamar faɗin yatsa a sama. A shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, a jera kwalaben, ruwa ya haura kansu da yatsa biyu. Daga lokacin da ya tafasa a ƙirga minti 40 ga kwalbar rabin lita, minti 50 ga ta lita ɗaya. In sun huce, tsakiyar murfi zai lotsa ciki. Wadda murfinta ya kumbura daga baya, ko ta yi kumfa, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba. Zuba mai a saman markaɗe ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Batun rashin firji kuma, tukunya cikin tukunya tana taimakawa: ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa mai iska, ana ƙara ruwa safe da yamma. Marigayi Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, shi ya yaɗa ta a ƙauyukanmu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, kuma a gwajinsa yalo ya kai kwana 27 maimakon uku. Sai dai da busasshiyar iska take aiki. A hunturu da bazara za ku ji daɗinta, a marka sanyin da za ta ba ku kaɗan ne.

Tunda kayan na mutane da yawa ne, ku yi maganar rabo tun kafin a ɗaure buhu. In kuka raba komai a Oktoba, kowace za ta kai gida, suna da biki da baƙi su cinye shi kafin ɗari ya wuce, ba don rashin tattali ba, haka gida yake. Shawarata a raba wani kaso a kaka don kowa ta ga amfanin guminta, a ɗaure sauran da sunan ƙungiya, a sa ranar buɗewa a Afrilu, kowa ta shaida. Makulli ya zama biyu a hannun mutum biyu, a rubuta a jikin kowane mazubi abin da ke ciki da watan da aka zuba. Ku fi yawaita ƙananan mazubai a kan babba guda, don in ɗaya ya ɓaci ba duka aka rasa ba. Duk wata biyu a leƙa busasshen ganye da kuɓewa, in sun fara laushi a sake shanya su yini ɗaya.

Iri kuma a ware shi tun a gona. Ku ɗaura tsumma a kan 'yan kuɓewar da suka fi lafiya da haihuwa, kada kowa ya taɓa su har 'ya'yansu su bushe a kai. In masarar da kuka shuka irin kamfani ce mai aure, ba a mayar da 'ya'yanta gona, amfanin zai ragu, sai dai a sayi sabo. A farkon Mayu ku ɗauki ƙwaya goma daga kowane iri, ku naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ku duba bayan mako ɗaya. In waɗanda suka tsiro ba su kai bakwai ba, ku nemi wani irin tun ruwa bai sauka ba.